Igiyar da Kawu Bai Yanke Ba

Na Allah muke, wurinsa kuma kowa zai koma. Kawu ya riga mu wata Laraba cikin bazara, da hantsi, a lokacin da rijiyar garinmu ta ja baya har wasaki ke fitowa rabi ruwa rabi laka. Allah ya jiƙansa, ya sa kabari ya yi masa sanyi.

Mutane sun zo gaisuwa. Kai, sun zo! Daga Tsarnawa, daga Ƙonni, har da waɗanda suka taso daga wajen Malbaza a kan amalanke. Ni ina cikin gida kusa da Inna, matar marigayin, ina jin su ta bayan zana, kuma kowace murya na san mai ita. Wanda ya ce, "Shekara arba'in shina sa mutane cikin rijiya, ko guda bai mutu ga hannunai ba," shi ne ya laƙaba wa Kawu Sarkin Tsoro a kasuwa, har yara suka ɗauka. Wanda ya fi kowa jan hanci yana share ido, sau biyu yana korar Kawu daga bakin rijiyar gonarsa wai aikinsa ya cika jinkiri. Sai ga wani dattijo ya gyara murya ya ce, "Ai asiri na. Allah ya ba shi asirin rijiya, yana nan cikin ƙoƙonai." Duka suka amsa, "Ƙwarai, ƙwarai." Tir! Mutum ya shekara arba'in yana yi musu bayani da bakinsa, sun jira ya mutu sun ce asiri ne.

Da surutu ne kawai da na bar su da abinsu. Amma tun ranar sadakar uku ƙanen marigayin, wanda muke kira Kawu Ƙarami, ya faɗa a gaban jama'a cewa da an yi addu'ar bakwai za a yashe rijiyar gari, kuma da igiyar marigayi ta ƙarshe za a shiga, don a sami albarkar hannunsa. Mai shiga rijiyar kuwa mijina ne. Ni kuma na san abin da babu wanda ya sani a wajen zanar nan: igiyar ta gama kwananta, Kawu da kansa ya ce a yanke ta.

Kawu wan mahaifiyata ne. Shi ya riƙe ni bayan rasuwarta, shi ya aurar da ni ga ɗaya daga cikin mutanensa. Sana'arsa yasar rijiya. Idan ruwa ya ja baya, a ɗaura wa mutum igiya a ƙugu, a zura shi zurfin gaba ashirin ko talatin cikin ƙasa, ya kwashe laka da yashi a yi ta ja, sannan a jawo shi. Duk tsawon wannan lokaci ran mutum yana rataye da ramar da wani ya tuƙa a inuwar itacen bedi yana hira.

Ba zan yi ƙarya don ya mutu ba: Kawu mutum ne mai raini. In ka zo masa da igiya a kafaɗa, ita zai fara gaisarwa kafin kai. Ya sa farcen babban yatsa ya buɗe tufkar, ya shinshina, ya miƙo maka da yatsa biyu kamar mushen ɓera. "Wa yat tuƙa wagga? Barci shi kai?" Ba ya dariya da wuri, ba ya yabo ko kaɗan. Mijina ya shekara goma sha biyu yana shiga masa rijiya, babban yabon da ya taɓa samu shi ne, "To, ba ka mutu ba."

Sabuwar igiya ma bai yarda da ita ba. Mutane suna ganin sabuwa ta fi kowace ƙarfi, shi kuwa sai ta yi kwana bakwai tana jan ruwa da buhun yashi kafin ya bari ta taɓa ƙugun mutum. Inna ce ta gaya mini dalili, shi bai taɓa faɗa ba. Yana saurayi, wansa ya shiga rijiya da igiya sabuwa fil, tana ƙamshin rama, ta tsinke a shiga ta uku. Akwai wani wuri a cikinta da ramar ta ruɓe tun a jiƙo, ido ba ya gani. Tun daga ranar Kawu ya ce igiya tana da lokaci biyu na kisa, farkonta da ƙarshenta, tsakiyar kaɗai ake aiki da ita.

Abin da ya fi maimaitawa har muka haddace shi ne maganar fizga. "Nauyi ba shi kashe igiya," in ji shi, "hizga ka kashe ta. Nauyin mutum na san shi, ina ganinai. Wa yas san ranar da ƙahwar mai ja za ta zame? Wa yas san ranar da bango za ya zube bisa wanda ke ciki?" Wata igiya ta yi shekara ba ta gamu da fizga ba, wata ta gamu da uku a yini guda. Ƙarfin igiya ba a san iyakarsa ba sai ta tsinke, girman fizga ba a san shi ba sai ta zo, kuma ranar da babbar fizga ta faɗo kan igiyar da ta gaji, ranar ake wankan gawa. Duk ilimin Kawu a nan yake, babu laya a ciki.

Ƙoƙon da suke cewa asiri, ga abin da ke cikinsa. Kowace igiya tana da ƙoƙonta mai murfi. Ranar da ta fara aiki ya zuba farar tsakuwa cikin tafi uku, ya jefa baƙa guda ɗaya, domin a cewarsa babu igiyar da aka haifa ba baƙa. Kowace rijiya aka gama, baƙa ɗaya. Ruwan sama ya jiƙa ta rana ta busar, baƙa ɗaya. Aka fizge ta da mutum a jiki, baƙa biyu. Ranar da baƙaƙen suka cika goma, ko da igiyar tana sheƙi, sai ya ɗauko wuƙa ya daddatsa ta guntu-guntu, tsawon gaba ɗaya ɗaya, yadda ba mai iya haɗa ta ya shiga rami. Guntayen ya raba wa tsofaffin mata su ɗaure awaki. Rabin awakin unguwarmu da igiyar Kawu suka girma.

A kan wannan yankan suka yi faɗa da Kawu Ƙarami, shekarun nan bayan babban fari. Ina tsakar gida ina tankaɗe, da idona na gani. Kawu ya ɗora igiya a kan gungume, ƙanensa ya riƙe masa hannu.

"Yaya, wanga almubazzaranci na. Dubi igiya lahiya lau! Kuma tsakuwan nan naka, mutane na cewa duba ka kai, wasu na cewa caca. Ina tawakkali? In kwana ya ƙare, igiyar ƙarhe ma tsinkewa ta kai."

Kawu ya kalle shi sama da ƙasa, irin kallon da yake wa igiyar kasuwa. Ya miƙa masa ƙoƙon. "Rumtse ido, sa hannu, ɗauko guda."

Ya ɗauko. Fara.

"Maida. Sake."

Fara. Ya sake, fara. Har sau shida fara ce ke fitowa, Kawu Ƙarami yana ta washe haƙora yana juyowa wajenmu mu shaida. "Kun gani? Hwara, hwara, hwara!"

"Ci gaba," in ji Kawu. "Kai sau shida kas sa hannu. Ni kullum ni ka sawa, shekara da shekaru, kuma duk sawa ɗan wani na a ƙasa. Ba ni san ranar baƙa ba, Allah kaɗai yas sani. Abin da nis sani, in baƙaƙe sun yi yawa ban sake sa hannu." Ya janye hannunsa ya datse igiyar.

Kawu Ƙarami ya fita yana cewa tsoro ne kawai aka sa wa rawani. Ya ware ya kafa nasa aikin da ɗansa, taubashina, wanda tun muna yara ba ma haɗuwa sai mun tsokani juna. Lokacin igiyar roba ta fara shigowa daga Najeriya, shuɗiya, mai sulɓi, ana sayar da ita a kasuwar Ƙonni. Suka saya guda ɗaya. Kawu kuwa igiya biyu yake sa wa mutum, kuma ba kowace biyu ba. Ɗaya shi ya tuƙa, ɗaya wani tsoho a wani gari, da ramar wata gona, kuma ba a ɗaura su a turke guda. Ya ce in hannu ɗaya ya yi su, kuskure ɗaya ne a cikinsu, rana ɗaya za su tsinke. Mutane suka ce wannan ai wahala ce. Aikin da Kawu ke yi kwana huɗu, ƙanensa na yi kwana biyu, sai kowa ya koma can. Shekara uku suna yi lafiya, shekara uku ana yi wa Kawu dariya.

A cikin waɗannan shekarun ne wani saurayi ma'aikacin ruwa ya zo daga Tawa da mota, wando da riga cike da alƙaluma, zai duba rijiyoyin siminti. Ya ga Kawu yana ƙin igiyar roba, ya ciro takarda ya ce an auna irinta, tana ɗaukar nauyin mutum goma.

"Wagga anka auna?" in ji Kawu.

"A'a, Baba, irinta."

"Guda nawa? Duka wuri guda sunka tsinke? Wadda tar riga tsinkewa, nawa tad ɗauka? Kuma cikin inuwa anka auna su ko bayan sun sha ranar Ƙonni wata shida?"

Na zaci yaron zai yi fushi irin na 'yan buro, ma'aikatan ofis. Wallahi sai ya tsuguna. Ya sa yatsa ya zana tudu biyu a ƙasa, kusa da juna. Ya ce wannan tudun nauyi ne da fizga, yawanci kaɗan, wani lokaci da yawa. Wancan tudun ƙarfin igiyoyi ne, yawanci da ƙarfi, wasu raunana. Inda gindin tudun biyu suka haɗu, nan mutum ke faɗawa, kuma kullum rana da ruwa suna turo tudun ƙarfi yana matsowa. Ya ce shekara biyu ya yi a lakwal, makarantar boko, yana koyon lissafin wannan ɗan wurin da suka haɗu. Kawu ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya aika aka ɗauko ƙoƙo ya zube a gabansa. Suka yini a gindin bedi su biyu, har abinci ya huce. Da yaron zai tafi Kawu ya ce, "Wanga yaro da shi ka tuƙa igiya, da na shiga da ita." Ban taɓa jin ya faɗa wa wani mahaluki haka ba. Mutanen gari fa? Sati guda suna cewa ashe tsohon yana da gaskiya tunda mai mota ya tsuguna masa. Sati na biyu suka koma wurin mai kwana biyu.

A shekara ta huɗu igiyar robar ta tsinke da taubashina a ciki. Rana ta cinye ta daga waje, ƙafarsa ta zame, aka sami fizga ɗaya, shi ke nan. Da labari ya iso, Kawu ya haura sittin, gwiwa na damunsa. Mijina ya ce shi zai shiga. Kawu ya ce, "Ɗana na," ya ɗaura igiyoyinsa biyu a ƙugunsa ya sauka, ya goyo yaron a baya aka jawo su tare. Yaron ya rayu, amma ƙugu ya karye, har yau da sanda biyu yake tafiya. Na jira Kawu ya faɗa wa ƙanensa magana ɗaya. Ni da ni ce, da na faɗa har sai ya toshe kunne. Mutumin da ke iya wulaƙanta ka a kan ƙulli ɗaya, bai ce uffan ba har ya mutu. Wata huɗu kullum da safe shi ke zuwa ya juya yaron a kan tabarma, ya koya masa tufka yana kwance.

Kada ku zaci Kawu Ƙarami ya koyi wani abu. Abin da ya fahimta kawai shi ne igiyar roba ba ta da albarka.

A shekararsa ta ƙarshe idon Kawu ya dushe, ba ya raba baƙa da fara, sai ƙoƙunan suka dawo ɗakina. In an dawo daga aiki ya ce, "Ɗiyata, jefa guda," ko "Jefa biyu," in jefa. Igiyarsa ta ƙarshe tana da baƙa tara lokacin da aka je wata rijiya wajen Alela. Can ƙafar mijina ta zame ya faɗa kusan gaba guda kafin igiya ta cafke shi. Fizga ke nan, baƙa biyu. Suka zama sha ɗaya. Igiya ta biyun da ake haɗa su, da dawowarsu aka yanke ta, ba a kawo wata ba, ciwo ya kwantar da Kawu. Yana kan tabarma ya ce mini, "Ki ɗauki wuƙa ki yanke ta, hannuna ba shi iyawa." Na ce to. Na je na ɗauko ta, na ga tufkar hannunsa, na san ba zai sake tuƙa wata ba, sai na kasa. Na mayar da ita rataye na ce gobe. Wannan laifina ne, ba na kowa ba, kuma na ji kunyarsa har cikin raina.

Kwanakin zaman makoki na yi wa mijina magana. Ya sunkuyar da kai. "Mi za ni cewa? Gari ba ruwa. Ƙanen marigayi na, ya hwaɗi gaban mutane. In nac ce a'a, su ce tsoron anka bar min gado." Mutum ne mai kirki, amma kunya za ta iya zura shi rami ko da zare ne.

Ranar bakwai, bayan an shafa addu'a, aka fito da igiyar aka shimfiɗa a ƙofar gida, mutane na taɓa ta suna shafawa a fuska. Aka aiko a karɓi ƙoƙo a wurina, wai za a rataye shi a bakin rijiya. Na tashi zan fita da shi da kaina. Inna tana cikin takaba, kwana bakwai ba ta ce mini komai a kan zancen ba. Sai ta ɗaga gefen tabarmarta ta turo mini wuƙar Kawu da yatsun ƙafa, ba ta ko dube ni ba.

Na ja mayafi na fita cikin maza. Na buɗe ƙoƙon na zube shi a kan tabarma a gaban Kawu Ƙarami.

"Ga asirin, Kawu. Tsakuwan bakin gulbi na, ni ka tsinto su. Ƙidaya baƙaƙe."

"Ke, koma ciki! Wanga ba zancen mata ba na."

"Mijina ka shiga, zancena na. Ƙidaya."

Bai ƙidaya ba. Wani daga baya ya ƙidaya da ƙarfi har sha ɗaya. Kawu Ƙarami ya ce igiyar hannun bawan Allah ba ta cin mutum, ya ce in na taɓa ta gari zai yi sati biyu ba ruwa, alhakin mata da yara a wuyana. Wannan gaskiya ya faɗa. Igiya mai kauri ba ta yankuwa sai an ja ta, na duba fuskokin masu kukan nan ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanduna. Taubashina ne. Ya jawo jiki ya zauna daɓas a gaban ubansa, ya naɗe igiyar a hannu biyu ya ja ta ta miƙe.

"Yanka, mummuna," in ji shi. "Ko wuƙar ma sai an koya miki?"

Na yanka. Gaba ɗaya ɗaya, yadda Kawu ke yi, har ƙarshe. Kawu Ƙarami ya ɗauki guntu ya warware a gaban jama'a yana ɗagawa. "Ku duba! Lahiyatta lau! Ko zare guda bai ruɓe ba!" Kuma haka ne, inda ya buɗe lafiya lau take. Wataƙila da ta ɗauki mijina ta dawo da shi, ta sake ɗauka sau goma. Ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Kawu ma bai taɓa sanin haka a kan ko ɗaya daga cikin waɗanda ya yanke ba.

Kwana goma sha shida mata suna tafiya wani gari ɗibar ruwa da tulu a ka, cikin zafin bazara, ni ma ina cikinsu, ba mai amsa mini gaisuwa. Taubashina ya tuƙa sabuwar igiya ɗaya, aka karɓo ɗaya wurin tsohon nan na wancan gari, suka yi kwana bakwai suna jan yashi. Mijina ya shiga da igiya biyu, turke biyu, ya yashe rijiya ya fito. Ruwa ya dawo. Matar da muka fi shiri da ita ta dube ni a bakin rijiya ta ce, "To, ga shi ba abin da yaf faru. Wahalar banza kinka ba mu." Ita ce maganar da suka yi wa Kawu shekara arba'in, ranar ce aka fara yi mini ita.

Allah ya gafarta maka, Kawu, ya yafe maka raininka, ya yafe mini goben da na ce. Waɗanda suka yi maka kuka sun riga sun manta abin da ka ce, asirin da ba ka da shi kawai suke tunawa, shi ya sa na zauna na rubuta wannan da ɗan lakwal ɗina.

Guntu ɗaya na igiyar Inna ta ɗauka ta ɗaure akuyarta. Shekara biyu ke nan bai tsinke ba, kuma duk wanda ya shigo gidan sai ya nuna mini shi da baki yana murmushi. Su nuna. Jiya mijina ya dawo daga wata rijiya wajen Tsarnawa, laka har gira. Na jefa baƙa ɗaya a kowane ƙoƙo, na rufe, na zuba masa tuwo, ya ci ya nemi ƙari.